Mukullin Mota a Cikin Firji

Shekaru sun fara taɓa mini ƙwaƙwalwa, ba na musu. Sai in shiga kicin in tsaya ina tambayar kaina me ya kawo ni. Amma ko me zan manta, ba zan manta da ranar walimar ɗaurin auren 'yata ta fari ba, ranar da ƙanena, autan gidanmu, ya kusa mayar da ni abin dariya a Madina saboda waƙa. Har yau idan na tuna sai haushin ya dawo mini sabo fil, kamar jiya aka yi.

A nan Madina aka haife ni, a nan aka haifi Inna, mahaifiyarmu. Kakanninmu ne suka taho daga ƙasar Hausa da ƙafa don sauke farali, suka ga wuri suka zauna. Gidanmu yana Aziziya, ni da Inna da 'ya'yana muke ciki tun bayan rasuwar maigidana. Sana'ata tsire, wanda Larabawan nan suke kira siriya. Ina yi wa masu biki da masu suna, kuma ba yabon kai ba, idan aka ce daga hannuna ya fito ba a barin ko tsinke a faranti. Da wannan sana'a na rufa wa kaina asiri, da ita kuma ake ganin girmana a unguwa.

Shi kuwa auta, ni na goya shi. Tun yana rarrafe ba a ajiye kwano kusa da shi, sai ya kifa shi ya mayar da shi ganga. Da ya tasa sai ya maƙale wa wani tela ɗan Sudan a bakin layinmu, mai tarin tsofaffin kasusuwa na mawaƙan baƙaƙen Amurka. A nan ya kwaso cutar. Irin waƙar nan ce da suke kira soul, wadda mutum zai runtse ido ya jawo murya tun daga cikin cikinsa, ya yi ta lanƙwasa ta kamar wanda aka taka wa ƙafa. Baba, Allah ya jiƙansa, bai taɓa son abin ba. Yakan ce a birnin Manzon Allah ya kamata mutum ya san abin da zai ɗaga murya a kai. Saboda haka auta ya koma yin waƙarsa a cikin dulab, wato kabad ɗin kayan Inna, ya ja ƙofa ya rufe kansa tsakanin zannuwa. Sau da yawa na je ɗaukar mayafi na tarar da mutum a tsugune yana gumi da waya a hannu.

Bayan Baba ya rasu ya ɗan taɓa aiki a shagon wayoyi, daga baya ya tattara ya koma Jidda. A can abin ya karɓe shi. Shi yake rubuta waƙarsa, shi yake haɗa kiɗanta, har wasu mawaƙa suka fara kawo masa nasu yana gyara musu, wai shi furodusa. Da aka fara barin tarukan waƙa a ƙasar nan sai ga autanmu a kan dandamali, mutane suna biyan kuɗi don su ji abin da muka sha yi wa tsawa a kai. Ni dai ban taɓa gane abin da yake faɗa a waƙoƙinsa na Turanci ba, na Larabcin ma rabinsu nishi ne. Amma gaskiya ɗaya ce, muryar akwai ta, kuma ta Inna ce ya ɗauko.

Abin da ba shi da shi shi ne waƙar Hausa. Irin yaran nan ne da za ka yi musu Hausa su amsa maka da Larabci, in ya matsa wa kansa ya haɗa jimla sai ka ji tausayin harshen. To Inna tana da wata waƙa da ta koya a wurin mahaifiyarta, waƙar da ayarinsu suke yi a hanya suna tafe. Ana ambaton garuruwan da aka wuce ɗaya bayan ɗaya, tun daga gida har a tsallaka teku, a kowane gari kuma a ce, “Sannu ƙafa, saura kaɗan.” Muna yara mun sha jin ta a gidajen biki idan za a fita da amarya, daga baya tsofaffin da suka iya ta suka ƙare. A shekarar da nake ba ku labari Inna ta fara mantuwa. Takan sa gishiri sau biyu, takan kira jika da sunan uwarsa. Auta ya ji haka a waya, sai ya ƙudurta a ransa sai ya naɗi waƙar nan kafin ta tafi. Niyya mai kyau, ban ce ba. Lokacin da ya zaɓa ne ya nuna mini cewa hankalinsa bai taɓa sauka ƙasa ba.

Ana saura 'yan kwanaki biki ya iso da manyan akwatuna. Raina ya yi fari, na ce yau auta ya tuna yana da 'ya. Da aka buɗe sai ga wayoyin lantarki, da makirfo, da wasu ƙarafa masu ƙafa uku.

Na ce, “Ina kayan amaryar?”

Ya ce, “Yaya, hadiyyarta, kyautarta ke nan, ita ce waƙar. Za ki gani, wallahi.”

Ni kuwa ina da abin da ya fi wannan damuna. Dangin ango mutanen Makka ne, asalinsu Kano, kuma uwar angon mace ce da ake shakkar bakinta. Irin matan nan ne da za su ɗanɗana abu su ajiye cokali a hankali ba su ce komai ba, washegari ka ji labarin a gari uku. Tun ranar da suka zo neman aure ta dube ni ta ce ta ji ana zuzuta tsirena, za ta so ta gani ko mutanen Madina sun riƙe hannun gida ko sun sake shi. Na yi murmushi na ce Allah ya kai mu. A zuciyata kuwa na rantse sai ta lashi yatsa. Sun kuma gaya mana tun wuri cewa walimar ta rana za a yi, don da la'asar za su kama hanya, su ɗauki harami a Bi'ir Ali su koma gida da umara. Ke nan ba ni da damar jinkiri ko kaɗan.

Ana gobe walima na tashi da sassafe na yi aikina. An yanka raguna, na zauna na yanyanka naman fale-fale da hannuna, na shafe shi da ƙuli-ƙuli da yajin da ba na bari kowa ya ga yadda nake haɗa shi. Sirrin tsirena kwana ne, dole naman ya kwana a cikin yaji. Na jera shi a manyan tirori na zuba a babban firjin sana'ata, wanda yake a lungun da ke jikin ɗakin Inna. Tsohon firji ne mai gurnani, fitilar cikinsa ta daɗe da mutuwa, amma sanyinsa ba ya wasa. Ba mai buɗe shi sai ni, sai Inna da take ajiye nononta a ƙofarsa.

Ina rufe firjin auta ya ce yau zai yi naɗi. Na ce yau ɗin? Ya ce ai gobe gida zai cika. Kafin in ce wani abu ya mayar da ɗakin Inna wani wuri daban. Ya kwaso bargunan sanyi ya rataye a bango, a tsakiyar zafin Madina da ko tsuntsu ba ya fita. Ya sauke agogon bango ya kai waje, wai yana ƙas-ƙas. Ya kashe mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ta ɗakin Inna da ta falo duka. Ya sa wani abu a kunne ya tsaya shiru yana zare ido, can ya juyo ya nuna hannuna.

“Yaya, awarwaronki.”

Na ce, “Awarwarona ya yi me?”

“Yana shiga makirfo. Cire, law samahti. Dagiga bas, minti ɗaya.”

A gidan ubana, ana gobe auren 'yata, aka sa na cire awarwaro na tsaya a bakin ƙofa ina numfashi a hankali kamar ɓarauniya. Inna kuwa ya zaunar da ita a kan kujera, ya kafa mata makirfo a gaban baki, ya sa mata abin kunnen da ya fi kanta girma. Ta yi tsuru-tsuru. Ya ɗaga yatsa, ya sauke.

Ta fara. Muryar ta fito siririya tana rawa. Ta ambaci garin farko, ta ambaci na biyu, sai ta tsaya tana kallon ƙofa kamar mai jiran wani ya shigo. Ta buɗe baki ta rufe.

“Mumtaz, Inna. Marra tanya, a sake.”

Ta sake, ta tsaya a wuri ɗaya. Ya matsar da makirfo, a sake. Ya ba ta ruwa, a sake. Ya ce wata mota ta wuce a layi, a sake. Haka yake aikinsa, na ji an ce a Jidda yakan tsare mawaƙi yini guda a kan baiti ɗaya har sai ya yi kuka. To wannan ba mawaƙiyar Jidda ba ce, tsohuwa ce da zufa take bin wuyanta. Na ce masa ya ji tsoron Allah ya kunna mata sanyi. Ya ɗora yatsa a leɓe ya ce mini shhh. Ni da na wanke masa kashi! Na ga idan na ci gaba da tsayuwa zan aikata abin da za a daɗe ana faɗa, ga shi kuma mai ƙunshi tana jiranmu ni da amarya. Na ɗauki awarwarona na fita, na bar masa kashedin kada ya wahalar da ita.

Da muka dawo da yamma ya riga ya tafi wurin abokinsa inda yake kwana. Ya sauke barguna, ya kunna mukayyif, ya mayar da agogo. Inna tana kwance ta juya wa ƙofa baya. Na tambaye ta yaya aka ƙare, ta ce waƙar ta ƙi zuwa. Na ce ta rabu da shi, na wuce ɗakina da ƙunshi a hannu da ƙafa. Ban bi ta lungun firji ba, ba abin da zai kai ni.

Washegari bayan na idar da sallar asuba na hura gawayi a saman bene, na sauko in ɗauki nama. Tun kafin in kai hannu na lura lungun ya yi shiru, babu gurnanin da na saba ji. Na buɗe. Wani ɗumi ya bugi fuskata, wari ya biyo baya. Naman da na ɓata rabin yini ina yi wa ado ya canza launi, ya yi yauƙi, ya kwana a rufe cikin zafi. Na leƙa bayan firjin, ga wayarsa a ƙasa an zare ta daga bango.

Ban san lokacin da na zauna daɓas a ƙasa ba. Fuskar uwar ango kawai nake gani tana ajiye cokali a hankali. Na jawo waya na kira shi, ya ɗauka da muryar barci.

Na ce, “Kai ka zare mini firji?”

“Aiwa, yana gurnani, yana shiga makirfo. Amma na mayar.”

“Ba ka mayar ba.”

“Mustahil, Yaya. Ai na sa mukulli a ciki.”

Na ce wane mukulli kuma? Sai ya shiga yi mini bayani, da natsuwarsa, kamar malami a aji. Wai haka duk masu naɗar sauti suke yi a duniya. Idan ka kashe firjin mutane don ka samu shiru, sai ka jefa mukullin motarka a ciki. Ba yadda za a yi ka tafi ba ka buɗe firjin ba, kana buɗewa kuwa za ka tuna ka kunna. Wai dabara ce da ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Na ce, “To, masha Allah. Yanzu mukullin yana ina?”

Na ji yana lalube. “Ga shi a aljihuna.”

“A ina ka ɗauke shi jiya?”

Can ya ce, da ƙaramar murya, “A jikin ƙusa. Inda ake ratayewa.”

Abin da na faɗa masa daga nan ba zan rubuta shi ba, don jikokina suna karatu. Na dai rufe da cewa ya tashi yanzu ya nufi Awali, gonar dabinon da nake sayen raguna, ya tsaya a kansu a yanka a feɗe, ya kawo mini nama kafin rana ta take. Idan kuwa ya makara, ya wuce Jidda kai tsaye kada ya biyo ta gidan nan.

Ina cikin kwashe ruɓaɓɓen naman ina zubawa a leda, hawayen takaici yana zubo mini, sai na ji motsi a bayana. Inna ce tsaye riƙe da bango.

Ta ce, “Ni na cire mukullin.”

Na ɗago.

“Na zo ɗaukar nono na gan shi a kan nama. Na ɗauka ni na sa. Kwanaki ai na sa carbina a ciki, kika gani kika yi shiru. Na ce kada yaron nan ya gani, ga waƙa ta gagare ni, ga kuma wannan, ya ce uwarsa ta gama lalacewa. Sai na rataye masa a ƙusa ban gaya wa kowa ba.”

Ashe duk mantuwar nan da muke yi kamar ba mu gani ba, tana sane, tana ɓoye ta kamar abin kunya. Na ce mata ba ita ba ce, shi ya sa da hannunsa, wai ilimin aikinsu ne. Ta dube ni da kyau ta ce, “Mukulli a firji ilimi ne?” Na ce haka ya ce. Ta girgiza kai ta ce, “To ashe ba ni kaɗai ba ce.” Haushin auta ya ninku a raina, don yanzu ba nama kaɗai ya lalata mini ba, ya sa tsohuwa ta kwana tana tuhumar kanta.

Baƙi suka iso kafin azahar, mata suka cika falo, maza suna can gidan maƙwabta. Uwar ango ta zauna a tsakiya ta gyara mayafi. Aka kawo gahawa da dabino. Aka yi sallah aka dawo, aka sake zagayawa da gahawa. Shinkafata ta daɗe da nuna, gawayi ya ci ya cinye na ƙara wani, nama babu labari. Na shige kicin na kira auta.

“Kana ina?”

“Ana feɗewa, Yaya, saura shwayya, kaɗan. Amma ji wannan.” Sai na ji ya kara wayar a jikin wani abu mai tuf-tuf-tuf. “Injin ban ruwa ne. Kin ji bugunsa? Wallahi kiɗa ne gamamme.”

Na kashe wayar don kada in yi saɓo. Na koma falo da murmushin da ya fi kuka ciwo. Aka zagaya da gahawa karo na ban san nawa ba. Uwar ango ta karkaɗa finjalinta alamar ta ƙoshi, ta dubi agogon hannunta, ta ce da murya mai laushi yadda kowa zai ji, “Gahawar Madina dai ba ta da na biyu. Ko ita ce siriyar da ake faɗa?” Wasu suka yi 'yar dariya a cikin mayafi. Na hango 'yata daga ƙofar ɗaki, ta sha ado, idonta ya kawo ruwa. Na ji da ƙasa za ta tsage da na shige.

Inna tana gefe a kan darduma. Ban san abin da ya motsa ta ba, ko ganin halin da nake ciki ne, ko tana jin da hannunta a ciki. Sai kawai ta jawo tiren gahawa ta fara buga gefensa da zobenta a hankali. Ta ɗaga murya ta ambaci garin farko. Hira ta ɗauke. Ta ambaci na biyu, ta tsaya daidai inda ta yi ta tsayawa jiya. Na ce a raina yau kuma ga wata kunyar a kan wata.

Sai na ji an ce, “Sannu ƙafa, saura kaɗan.”

Na waiga. Uwar ango ce. Bakinta ya riga ta, ita kanta ta yi mamaki. Inna ta dube ta, fuskarta ta washe, ta ambaci gari na gaba ba tare da ta yi tuntuɓe ba. Wannan karon tsofaffi biyu daga cikin baƙin suka taya amshi. Kafin a kai garin Abashe falon gaba ɗaya ya ɗauka, har da 'yan matan da ba sa iya gaisuwa da Hausa. A nan na gane abin da ya faru jiya. Inna ba mantawa ta yi ba. Waƙar ta masu tafiya ce a ayari, wani ya bayar wasu su karɓa, amshin ne yake jawo baiti na gaba. Shi kuma gwanin ya rufe ta a ɗaki ita kaɗai, ya kori kowane motsi, yana jiran ta yi abin da ba a taɓa yi da baki ɗaya ba. Ƙofar da take ta kallo, masu amshi take jira.

Ba don son waƙa na ciro wayata ba, don haushi ne. Na ce sai na nuna wa wancan mai injin ban ruwa abin da ya wuce shi. Na danna naɗi na ajiye ta a kan kabad, daidai ƙarƙashin mukayyif da yake ta huci. Inna ta ratsa Fashir, ta kai Sawakin, ta tsallaka teku, muryarta tana ƙara ƙarfi kamar an zare mata shekaru. Uwar ango tana amshi hawaye yana bin kumatunta. Da aka sauke ta ce kakarta ce take yi mata ita, tun rasuwarta ba ta sake ji ba, ta ɗauka ta tafi ke nan. Ta tashi daga tsakiyar falo ta koma kan darduma kusa da Inna, ta ce a sake daga farko.

Suna cikin zagaye na biyu auta ya yi sallama a ƙofar baya da nama a kafaɗa, jini ya ɓata masa farar riga. Ya ji abin da yake fitowa daga falo ya sandare. Ya ce, “Yaya, makirfo, bari in ɗauko...” Na damƙi hannunsa na ce falon mata ne, kuma ko na maza ne ba inda za shi. Na tura shi saman bene na ba shi mafici. Mutumin da ake sayen tikiti a kalle shi, ranar nan shi ya yi mini fifita a tsakar rana har aka gama gashi, yana yi yana kasa kunne ƙasa kamar zai yi kuka. Ban ji tausayinsa ba ko ƙanƙani.

An ci abinci gab da la'asar. Uwar ango ta ɗauki tsinke ta ci, ta tauna a hankali, ta ce, “Yajin bai shiga ba.” Gaskiya ta faɗa, naman da bai kwana ba ina zai shiga. Na buɗe baki zan yi bayani ta ɗaga mini hannu ta ƙara wani tsinken. Ta ce gidan da aka riƙe waƙar nan ba sai an gwada su da nama ba, kuma ta ba ni bashin tsire har ranar suna. Sai bayan magariba suka kama hanyar Bi'ir Ali, ita da ta ce ba za ta wuce la'asar ba. Da za ta shiga mota ta riƙe hannun 'yata ta ce mata, “Taho nan, jikar masu ƙafa.” Har yau haka take kiranta, kuma ba ta taɓa bari an ɗaga mata murya a gidan ba.

Sai da na ja masa rai kwana da kwanaki kafin na tura wa auta abin da na naɗa. Ya kira ni yana sheshsheƙa. Na ce ai ba zai yi maka amfani ba, akwai mukayyif, akwai ƙarar finjali, akwai awarwaro. Ya ce ko ɗaya ba zai cire ba. Ya sa ni na bi matan nan ɗaya bayan ɗaya a waya ina neman izininsu, wani aikin da ban nema ba. Ya ɗora piyano a ƙarƙashin muryar Inna, ya shigo da tasa daga baya yana karɓa mata da Hausarsa mai ɗingishi. A duk waƙoƙinsa ba wadda ta yi nisan wannan. Sai dai bai gaya mini cewa ya bar komai da komai ba. A tsakiyar waƙar, daidai an tsallaka teku, ana jin wata mata daga nesa tana cewa, “Wai ina wannan shashashan yaron ya tsaya?” Ni ce. Yanzu duk gidan bikin da na kai tsire sai an sami mai yi mini wannan tambayar tana dariya. Na ce ya cire, ya ce ai nan ne ruhin waƙar. Ban yafe wannan ba tukuna.

Inna tana nan da rai, amma mantuwar ta yi nisa. Wata rana takan tambaye ni ko ni 'yar wace ce. Idan na kunna mata waƙar ba ta gane cewa muryarta ce ba, takan ce wannan baiwar Allah ta iya. Amma duk inda mai waƙar ta ambaci gari ta tsaya, sai in ga leɓen Inna ya motsa, ta karɓa mata: sannu ƙafa, saura kaɗan. Ba ta taɓa kuskure wurin ba.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, idan tsoho ya tsaya a tsakiyar magana yana kallon ƙofa, kada a yi saurin cewa ya manta, kada kuma a yi masa shiru ana jira. A karɓa masa. Ni yanzu haka nake yi da Inna a komai, in ta fara in ta kakare sai in ba ta kalma ta gaba, mu ƙarasa tare. Firjina kuwa na sa an yi masa kwaɗo a jikin soket, mukullin yana ɗaure a bakin zanina, kuma auta ya san ko da wasa ba ya bi ta lungun nan.